Goran Furar Sama'ilu

Shekarar da buhun taki ya fi akuya tsada, Malam Dabo na Unguwar Kanya ya sayar da shanun huɗarsa, ya ce wa mutane dama sun tsufa. Ba su tsufa ba, tuwo ne ya gagara. Manyan 'ya'yansa sun tafi kudu neman na kansu, sai dai gaisuwa a waya. Gandu kuwa yana nan yadda yake, tun daga bakin rijiya har iyakar gonakin mutanen Makoɗa, ga damina ta sauka ba ta tambayi wanda ya shirya ba. Wanda ya rage a gida shi ne autan maza, Sama'ilu, da matarsa Furera mai goyon 'yar jaririya.

Mu da muka ga farin da ya kashe shanu a tsaye, muka ci tafasa ba gishiri muka tashi garau, mun san wuya ba ta kisa. Dabarar da mutum ke yi don ya tsallake ta, ita ke kisa. To ga ta gidan Dabo.

Wata safiya Furera ta dama fura ta cika gora za ta kai wa mijinta gona, sai ta ji muryar surukinta daga zaure.

"Ke yarinya, kawo goran nan in sa masa rubutu."

Ta je ta durƙusa, ta miƙa da hannu biyu, kanta a ƙasa. Tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa kallon fuskar Malam Dabo ba. Da takalminsa na roba da fason dugadugansa ta san shi, kuma haka tarbiyya ta ce. Ya juya baya ya yi abin da zai yi, ya girgiza goran ya maido mata.

Ranar Sama'ilu bai dawo ba sai da rana ta yi ja. Ya shigo yana fito, galma a kafaɗa kamar ya ɗauko kara.

"Ke, yau in kin ce in nome hanyar Kano, sai in nome ta."

"Fara da bayan ɗakina tukuna," in ji Furera. "Ciyawa ta kai gwiwa."

Wallahi ya nome shi kafin magariba, har da bayan na makwabta. Furera ta yi ta dariya, ta ce a ranta lallai Baba ya samu malami.

Haka aka ci gaba, kullum gora sai ya bi ta zaure. Ana cikin noman firi mai unguwa ya kira gayya. Samari suka jeru da fartanyoyi, Sabo makaɗi ya ɗaure gangarsa. Kafin kowa ya kai tsakiyar gona Sama'ilu ya kai ƙarshe ya juyo, ya tarye su. Sabo ya bar sauran ya bi shi da kiɗa yana masa kirari: "Na Dabo, ingarma ba a sa maka linzami! Ƙasa ta gan ka ta yi laushi!" Malam Dabo yana gindin ɗorawa yana gyara hula.

"Jini ne," yake ce wa duk wanda ya matso. "Haka nake ina saurayi. Tambayi iyayenku."

Iyayen da za a tambaya duk sun mutu, saboda haka ba wanda ya musa.

Abin da Furera ta fara lura da shi, tuwo ne. Mutumin da a da yake tashi da malmala uku yana leƙen tukunya, yanzu sai ya tsakuri gefe ya ture kwanon. Ta kai ƙara wurin uwar mijinta, Inna Hure.

"Namijin aiki ba ya cika ciki," in ji Inna Hure. "Ko kuma miyarki ce, ki duba."

Sai susa. Yana zaune yana susar wuya, da hannaye, da hanci, har fata ta yi fari. Inna ta ce ƙaiƙayin gero ne. Gero kuwa ko kai bai fitar ba. Wani lokaci ana tsakar hira sai idonsa ya lumshe, kai ya sunkuya, maganar ta tsaya a rabi, can ya farka ya ɗora da wata daban. Inna ta ce wanda ya yi aikin shanu biyu ai dole ya yi gyangyaɗi.

Amma abin da ya tsaya wa Furera a rai shi ne Juma'a. Ran Juma'a ba a zuwa gona a gidan Dabo, don haka ba fura, ba gora. Tun hantsi Sama'ilu zai fara hamma, hamma kan hamma har hawaye. Hanci ya dinga zuba. Zufa ta keto masa alhali yana cewa sanyi yake ji. Ya kwanta ya tashi, ya ce ƙasusuwan ƙafarsa kamar ana sara. Wata Juma'a jaririyar ta yi kuka ya daka mata tsawar da ta sa kaji suka watse, shi da ko akuya ba ya iya yi wa tsawa.

"Mura ce," in ji Inna Hure. Ta dafa masa citta da kanumfari.

Asabar da safe ya sha fura, mura ta tafi. Juma'a ta zagayo, mura ta dawo. Furera tana tankaɗe tana tambayar kanta, wace irin mura ce wannan da ta san kwanakin mako?

Kaji ne suka ba ta amsa. Tana shara a bayan zaure ta ga sun tone wani ɗan rami, sun barbaza wasu 'yan kwanson kafso koraye, fanko, da yawa kamar an tsinka tsakiyar wuya. Ta ɗauki ɗaya ta lasa. Ɗacin nan ne dai da take ji a gindin gora in tana wankewa. Dama ta sha mamakin rubutun da ba ya sa fura baƙi. Ta ƙulle guda a bakin zane ta shiga ɗakin Inna, ta kwance a gabanta.

Inna Hure ta dube shi ta kau da kai.

"Ba ki ga komai ba."

"Inna, tiramol ne fa. Irin wanda mai babur ɗin nan ke sayarwa ran kasuwar Makoɗa."

"Maganin gajiya ne. Duk 'yan ƙwadago shi suke sha, wa ya mutu? Ke kin fi uban da ya haife shi sonsa ne? Shanu sun tafi, 'yan'uwansa sun tafi. In gonar nan ta kwana, ke da 'yarki me za ku ci, kunya?"

Maganar akwai gaskiya a cikinta, shi ya sa ta fi ciwo.

Da la'asar ta tare mijin a ɗaki. Ta zaci zai firgita, sai ya yi dariya.

"Yau kika sani? Ni tun noman firi na gane. Rubutu ai ba ya ɗaci."

"Ka sani kake sha?"

"Na Baba ma wasa ne, ko kunya goma ba ya kai ni a gona yanzu. Sai na ƙara da nawa." Ya sosa wuya. "Kada ki ɗaga hankalinki. Ni nake shan ta, ba ita ke sha na ba. Duk ranar da na ga dama zan ajiye. Bari dai a gama maimai."

Aka gama maimai, ya ce bari a tayar wa gyaɗa ƙasa. Murar Juma'a ta warke, don yanzu da guzurinsa a aljihu. Sai kuma kaya suka fara yin ƙafa. Babbar kwallar da ke saman jeren Furera ta ɓace, Inna ta ce yaran makwabta ne. Rediyon Malam Dabo ya bi ta. Tunkiyar da aka ba jaririya ran suna ta fita kiwo ba ta dawo ba, aka ce kura, a ƙasar da rabon a ji kukan kura tun muna da haƙora. Abokansa na da suka daina zuwa sallama, wasu sababbi masu jan ido suka maye gurbinsu, su ba sa sallama sai fito daga bayan danga. Liman ya tambayi Malam Dabo ko lafiya ba a ganin Sama'ilu a sahu.

"Kambun baka ne," in ji Malam Dabo. "Tunda yaron nan ya kunyata 'ya'yan mutane a gayya aka sa shi a baki. Na san masu yi."

Ya sayo turare da habbatus-sauda, aka lulluɓe Sama'ilu da bargo ana masa hayaƙi har ya yi ta tari. Kashegari gora ya bi ta zaure kamar kullum.

Furera ta gwada tata dabarar. Wata safiya ta zagaya ta ƙofar baya ta kai furar gona ba rubutu. Kafin ta dawo saƙo na jiranta a bakin Inna: Malam ya ce a gidansa ba a tsallake shi, wadda ta gaji da zama hanyar gidansu ba ƙaya. Sama'ilu ma da ya dawo bai gode mata ba. Ya ce ta ja masa asara, sai da ya taɓa na gobe.

Wandonsa ya fara zamewa, ya huda sabon rami a ɗamara. Wata rana da azahar, tana daka, ya zo wucewa ta gefen turmi sai ya tsaya cak, ya kafe ido, ya faɗi. Jiki ya dinga fizga, kumfa a baki. Kafin ta ajiye taɓarya ta yi kansa abin ya lafa, ya buɗe ido yana tambayar wa ya kwantar da shi a ƙasa. Inna ta ce iska ce, ya bi ta gindin tsamiya da tsakar rana. Malam Dabo ya tsaya a bakin zaure ya ce magana ɗaya.

"Kada wanda ya ji wannan a waje."

Dalili kuwa kowa a gidan ya san shi. Dagaci ya sa ranar babbar gayya a gonarsa ta dawa, an gayyato ƙauyuka, kuma tun da tsohon Sarkin Noma ya rasu ba a naɗa wani ba. An raɗa wa Malam Dabo cewa gidan da ya yi fice ranar, nan rawani zai sauka. Har ya aika an wanke babbar rigarsa.

Ana gobe gayya Furera ta ari wayar makwabciya ta kira wanta Muhammadu Sani, mai jan kurkura a Makoɗa. Ta ce masa ya zo kallon gayya, kuma ya zo da mashin ɗin. Ya tambayi dalili ta ce shi dai ya zo.

Da safe ta dama fura. Aka kira daga zaure. Ta je ta durƙusa, ta miƙa, amma yatsunta suka ƙi sakin wuyan goran. Malam Dabo ya ja, ta riƙe. Ya sake ja.

"Ke, hannunki ya ƙage ne?"

Ta saki. Tana durƙushe tana jin ƙarar ɓare kafso, tana ji, tana ji, ya wuce na kullum. A hanya ta yi niyyar tuntsurar da shi a kwata, sai ga Sama'ilu ya biyo ta da sauri ya fizge ya kafa kai. Da ganin idonsa ta san ya riga ya karya da nasa.

Gona ta cika. Mata sun jere ƙoren tuwo a inuwa, yara a kan bishiya, dagaci a kujerarsa. Sabo ya saki kiɗa. Sama'ilu ya shiga dawa kamar an kunna inji, ƙasa na tashi ta bayansa, mutane na ihu. Wani ƙato daga ƙauyen gabas ya bi shi kafaɗa da kafaɗa, can ya sare ya tsaya yana haki. Malam Dabo ya miƙe tsaye, babbar riga na kaɗawa.

Ana cikin haka Sama'ilu ya tsaya cak, galma a sama. Ya faɗi ta kafaɗa, ƙafafu na shure-shure. Sabo ya zaci salo ne na gwanaye, ya matso yana ƙara wa ganga wuta, yara na tafi.

"Kaɗa masa, Sabo," in ji Malam Dabo. "Yanzu zai tashi."

Bai tashi ba. Da aka ga jini na bin kumfar bakinsa kiɗa ya mutu. Wani ya kawo albasa, wani na neman cokalin da zai cusa masa, wata tsohuwa na tofi. Malam Dabo ya ratsa mutane.

"Ku ɗauke shi a kai gida. Sammu ne, na san maganinsa. Hayaƙi ɗaya zai miƙe, a dawo a ƙarasa."

Samari suka sunkuya za su ɗauka, sai suka ga mace ta tsaya a kansa da goyo a baya. Furera ce. Ta ɗaga kai ta dubi surukinta. Ashe ɗan ƙaramin tsoho ne, da furfura a gira.

"Baba, ba gida za a kai shi ba. Asibiti za a kai shi."

Inna Hure ta dafe ƙirji.

"Ke da wa kike?" in ji Malam Dabo.

"Da kai nake, Baba, ka gafarce ni. Ba sammu ba ne. Ƙwaya ce. Ni nake dama furar, kai kake zubawa, ni nake kai masa. Tun farkon damina. In ƙarya nake ga goran can, a ba wani ya ɗanɗana."

Ba wanda ya je ɗaukar goran. Wasu iyaye maza da ke wurin suka shiga duban ƙasa, kai ka ce sun yar da allura. Dagaci ya yi gyaran murya ya ce a bar yarinya ta tafi da mijinta. Muhammadu Sani dama ya riga ya juyo da kurkura ta bakin gona.

A asibiti aka gyara kafaɗar da ta goce, aka duba harshen da ya tauna. Wata ma'aikaciyar jinya mai ƙiba ta zaunar da Furera a benci tana tambayarta. Ya rage cin abinci? Ya rage. In bai samu ba yana hamma da zufa da ciwon jiki? Yana yi. Abin da yake sha a da ya daina isarsa? Kaya na ɓacewa a gida? Ya ce zai bari ya kasa? Furera ta yi ta ɗaga kai har wuyanta ya gaji.

"To ai ke kin gama aikin likita tun a gida," in ji matar. "Me ya hana ku zuwa tun a hamma?"

"An ce mura ce."

"Kullum haka ake cewa. Ki godewa Allah, wasu daga faɗuwar nan ba sa tashi. Kuma kada a yanke masa ita rana ɗaya, mu za mu janye shi a hankali. Ciwo ne, ba iskanci ba, kada a ɗaure shi, kada a doke shi. Amma in kin mayar da shi inda aka fara ba shi, kin yi aikin banza."

Ba ta mayar da shi ba. Muhammadu Sani ya share musu ɗaki a gidansa na Makoɗa. Ba a sha da daɗi ba. Akwai ranakun da Sama'ilu ya yi kuka kamar yaro, akwai ranar da ya zagi Furera ta uwa ta uba, akwai ranar da ya sulale kasuwa aka tsinto shi idonsa a lumshe, aka koma asibiti aka sake sabon lale. Amma wajen kaka ya cinye tuwonsa ya leƙa tukunya. Furera ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta ta dawo ta ƙara masa. Hannun daman ne dai har yau ba ya ɗaga galma sama da kafaɗa.

Daga Unguwar Kanya ba wanda ya zo dubiya sai Inna Hure, ita ma a ɓoye, da 'yar daddawa a ƙulle. Ta ce Malam na nan yana cewa surukar zamani ta tsinka shi a gaban jama'a ta raba shi da ɗansa. Rawani kuwa ya sauka a wani gida.

Ba gidan Dabo kaɗai ba ne, kada wani ya yi dariya. Ku zaga gonakinmu da damina ku ga samarin da ke aikin shanu ba sa neman inuwa, ku tambayi abin da aka karya da shi. Yaro ya daina cin tuwo a ce ƙoshi ne. Ya rame a ce tsawo yake. Ya sayar da akuyar uwarsa a ce kura. Kowa a gida yana gani, kowa yana da sunan da ya raɗa wa abin, don muddin ba a kira shi da sunansa ba gona za ta nomu. Sai ran da ya faɗi a shiga neman maƙiyi a waje.

Geron Malam Dabo ya yi kyau a shekarar, sai da aka ɗaga wa rumbu kai. Ran da aka gama ɗaurin dami yana zaune a dakalin masallaci, hira ta biyo ta kan yaran zamani da shaye-shaye. Ya gyara zama ya buga sanda a ƙasa.

"Lalacewa ce kawai da rashin zuciya. Ni nan da kuke gani, na yi noma tun ina ɗan bante har na yi furfura, ban taɓa sa ƙwaya a bakina ba. Ko ɗaya."

Gaskiya ya faɗa. Shi bai taɓa sha ba.